Kunyar Gidaɗo

A duk Lafagu ba wanda zai ce maka ya taɓa ganin Gidaɗo yana tauna. Ko goro aka miƙa masa a wurin suna, sai ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya jefa a aljihu, sai ya koma ɗaki ya saki asabari sannan goron zai haɗu da haƙoransa. In ƙishi ya matsa masa a gona, baya yake juya wa mutane, ya tsuguna ya sha a ɓoye. Samari kan yi masa tsiya a bayan idonsa, su ce tsohon nan iska yake haɗiya ya ƙoshi. Amma da zarar ya doso da doguwar sandarsa a kafaɗa, su ne farkon tashi su ba shi tabarma.

An haife shi a wata ruga tsakanin Illo da iyakar Benin, zamanin da iyakar ba ta wuce wani dutse da aka kafa a daji ba, wanda shanu kan tsaya su sosa wuya a jikinsa. Ubansa mutum ne mai ƙarancin magana da saurin sanda, kuma da sandar ya koya masa filako, wato kunya da kawaicin Fulani. Gidaɗo yana ɗan ƙarami, wata rana surukan yayansa sun zo gaisuwa, sai ya miƙe a tsakiyar baƙi ya faɗa da ƙarfi cewa cikinsa ya murɗa zai zagaya. Baƙin suka sunkuyar da kai. Uban ya jira sai da suka tafi, sannan ya ja shi bayan garke. Dukan ya warke cikin mako, amma maganar da ta biyo bayansa ta zauna: ɗan mutunci zai iya mutuwa a gaban surukinsa, amma ba zai bari surukinsa ya san yana da ciki ba.

Ya girma da wannan, kuma daji ya sauƙaƙa masa riƙonsa. Da rani ya kora shanu ya tsallaka cikin ƙasar Bargu neman ciyawa, da damina ya dawo gefen Illo. Mutumin da ke yini shi kaɗai da shanu ba ya rasa inda zai ɓuya. Rana ta ƙona abin da ya bari, ƙasa ta shanye, gobe kuma garke ya yi gaba. Shekara da shekaru daji yana rufa masa asiri, har ya ɗauka asirin nasa ne na kansa.

Sai duniya ta fara matsewa. Burtali ya zama gonar shinkafa, mashaya ta zama lambun albasa, ciwon huhu ya shiga garken ya kwashe na kwashewa. Matarsa Goggo ta rasu wata damina, aka rufe ta a gindin kirya. Ɗansa na fari, Muhammad Sani, wanda Gidaɗo bai taɓa kiran sunansa ba tun ranar suna, sai dai ya ce "yaron nan", ya ga babu gaba a bin shanu. Ya sayi babur ya shiga ɗaukar kaya tsakanin Illo da kasuwannin tsallake, Allah ya buɗa masa, ya gina gidan bulo a Lafagu. Ya auro Surayya, 'yar wani manomi daga Sharabi, mace mai sanyin murya da zafin hannu, wadda ƙuli-ƙulinta ya yi suna kafin ma lallen amarcinta ya goge. Da gidan ya zauna, ya je ya ɗauko tsohonsa da ragowar shanu, ya ba shi ɗakin da ke jikin zaure.

Ranar da ya tare, ɗan ya zagaya da shi ya nuna masa gida, yana ta murna. Ga rumbu, ga madafa, ga randuna a inuwa. Can ƙarshen tsakar gida, bayan madafa, ga masai sabo da murfinsa da ƙofar langa-langa. Gidaɗo ya dubi masan, ya dubi ɗakinsa, ya auna tsakaninsu da ido. Duk wanda zai je can sai ya ratsa tsakar gida da buta a hannu, ya wuce ta gaban turmin da Surayya ke daka, ya ja ƙofar da ke ƙara kamar ana yanka akuya, sannan ya fito ya sake ratsowa. Ya ce gida ya yi kyau, Allah ya sa albarka. A ransa kuwa ya riga ya gama shawara.

Washegari da aka sallame sallar asuba, ya ɗauki butarsa ya ɓoye cikin babbar riga, ya bi ta bayan gari har inda sabara ta yi duhu. Haka ya ci gaba kullum. Ɗan ya lura, amma ta ina ɗan fari zai fara wannan zance da ubansa? Ya taɓa aika wani dattijo ya ji ko a haƙa wa tsohon nasa daban a waje. Gidaɗo ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa. Zauren a bakin hanya yake, masu haƙa za su zo, masu wucewa su tambaya na wane ne, gari ya ɗauka. Ya ce wa dattijon shi ba shi da wata damuwa, ya juya zancen zuwa wata karsana da ke ɗingishi. Daga ranar ba wanda ya sake tayar da maganar.

Tsakaninsa da Surayya kuwa gaisuwa ce kawai. Ta durƙusa daga bakin zaure ta ce ina kwana Baba, ya amsa yana kallon bango. Ta ajiye kwano ta janye, ya jira sai takunta ya ɓace sannan ya jawo. Ta haifi 'ya'ya a gidan, ta yaye su, bai taɓa duban tsakiyar idonta ba, kuma da za a tambaye shi zai ce ba a taɓa yin suruka irinta ba. Yana son ta so na gaske, irin son da ake yi wa 'yar da aka haifa. Shi ya sa ma ya gwammace ƙaya da raɓa da ya ratsa gabanta da buta.

Tsufa ba ya shawara da kowa. Gwiwoyin da suka taka ƙasar Bargu suka fara ƙin zuwa bayan gari. Sabara ta yi masa nisa, ya dawo gefen gonakin gero. Gonakin ma suka yi nisa, musamman da cikin tsufa ya daina ba shi lokaci. Daga baya ya ƙare a wani kango da ke manne da katangar gidansu ta baya, inda tumfafiya ta yi tsayi. Kangon yana kan gangare, kuma in aka yi ruwa, abin da ya kwaso daga nan ta lungun rijiyar unguwa yake bi. Gidaɗo ya san haka sarai. Kullum sai ya ce wa kansa yau ne kawai, gobe in gwiwa ta yi sauƙi zai koma nesa.

Wata damina amai da gudawa suka shigo garin. Yara suka yi ta zubewa, aka rufe wasu. Jikarsa Safina ta kwanta har idanunta suka faɗa, aka kwashe ta a babur zuwa asibiti, Allah ya yi da sauran kwananta. Gidaɗo ya yini a zaure da carbi, kuma akwai tunanin da ya riƙa zuwa masa yana korarsa kamar ƙuda.

Da abin ya lafa, ma'aikatan lafiya suka zo daga Bagudo. Ba su tsaya dogon wa'azi ba. Suka tara gari, maza da mata, suka ce a zo a zagaya tare a nuna musu inda ake zuwa. Aka bi lungu-lungu ana toshe hanci, kowa na kallon ƙafarsa. Wata ma'aikaciya ta tsinko tsinken ciyawa, ta taɓa shi a ƙazanta, ta tsoma a kofin ruwa, ta miƙa ta ce wa zai sha. Ba wanda ya miƙa hannu. Ta ce to ai kun daɗe kuna sha. A ranar mai gari ya yanke doka da yardar kowa: wanda ba shi da masai ya haƙa, wanda kuma aka kama yana bahaya a fili, Lauwali mai shela zai zagaya gari da sunansa, sannan ya share dandalin rijiya da kasuwa har mako ya zagayo. Aka ɗora wa wata mata mai suna Jummai sa ido a unguwarsu, macen da ba ta ganin abu ta haɗiye. Gidaɗo yana zaune a sahun dattawa, kuma da aka ce an yarda, har da shi aka gyaɗa kai.

Ya yi niyyar gyarawa, wannan kam a ba shi. Kwana biyu ya ja ƙafa har gonaki, a na uku bai kai ba. Ya yi tunanin ɗaukar hauya ya riƙa binnewa, amma tsoho da hauya da asuba, bayan an gama girbi, ai shela ce da kanta. Sai ya koma kangonsa, in ya gama ya tura ƙasa da gefen takalmi, ya fito yana waige.

Abin da ya ba shi mamaki, kullum ya dawo sai ya tarar da wurin fes. An juya ƙasa, an daddale, babu wari babu ƙuda. Ya ce aikin buzuzu ne, ya yi wa Allah godiya da ya halicci ƙwaron da ke rufa wa bayinsa asiri. Wani lokaci yakan ga farin toka a kan ƙasar. Ko yaro ya san buzuzu ba ya yawo da toka. Amma mutum in ba ya son sani, ko a goshinsa aka rubuta ba zai karanta ba, kuma Gidaɗo ba ya son sani.

Ranar da abin ya fashe, Muhammad Sani yana tsallake da kaya. Hantsi ya ɗaga, Gidaɗo yana zaune a ƙofar mai gari tare da dattawa ana hirar ruwan bana, sai ga Jummai tafe, mata da yara na biye, a tsakiyarsu Surayya da hauya a hannu ɗaya, tsohon kwanon toka a ɗayan. Jummai ta zube ta yi gaisuwa, ta ce ta daɗe tana ganin sawu a kangon, yau ta laɓe, ta kama matar nan tsugune tana turbuɗewa, abin ma ko bushewa bai yi ba. Ta ƙara da cewa abin takaicin shi ne gidansu ne ya fi kowane gida kyan masai a unguwar.

Gidaɗo ya dubi hauyar. Tasa ce, wadda yake jinginewa a bayan zaure. A nan take ya gane komai, tun daga ƙasar da ake juyawa har tokar. Matar da ya yi shekaru yana wahalar da gwiwoyinsa don kada ta san yana da ciki, ita ce ke bin bayansa kullum safiya tana rufe abin da ya bari. Zufa ta karyo masa har cikin rawani. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya gode mata.

Mai gari mutum ne mai hankali, bai yi saurin yarda ba. Ya ce mai binnewa ba lalle shi ne mai yi ba, ko wani take rufa wa asiri? Ya juyo wajen dattawa, ya ce ga uban gidan ma a zaune, bari a ji ta bakinsa. Kafin ya rufe baki, Surayya, wadda ba a taɓa jin muryarta a taron maza ba, ta katse shi.

"Ranka shi daɗe, ba sai an tambayi kowa ba. Ni ta."

Mai gari ya sake tambayarta ko ta san abin da take faɗa. Ta ce ta sani, warin masai ne ke tayar mata da zuciya, shi ya sa. Idonta na ƙasa, muryarta ko rawa ba ta yi.

Gidaɗo ya buɗe baki. Kalma biyu ce kawai ake buƙata. Ya dubi dattawan da ke gefensa, da samarin da ke tashi su ba shi tabarma, da matan da suka cika wurin. Bakin ya rufe da kansa. Wani dattijo ma ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi haƙuri, 'ya'yan zamani sai addu'a, shi kuwa ya karɓi haƙurin.

Da la'asar Lauwali ya zagaya gari. Yana da murya, Allah ya ba shi, kuma bai rage komai ba: Surayya matar Muhammad Sani, an kama ta a kango. Ya tsaya a kowace mararraba ya maimaita. Gidaɗo yana ɗaki ya ji shelar ta doso, ta wuce ta ƙofar gidan, ta yi nisa, ta sake dawowa ta ɗaya lungun.

Washegari ta ɗauki tsintsiya ta fita. Ta share dandalin rijiya mata na ɗibar ruwa suna ƙus-ƙus, ta share kasuwa 'yan tireda na leƙe. Yara suka laƙa mata suna, Ta-kango, suna faɗa suna rugawa. Masu zuwa sayen ƙuli-ƙuli suka ɗauke ƙafa, don wa zai ci abin hannun wadda aka yi wa irin wannan shela? Ta soya na farko ya yi kwantai, ta soya na biyu ya yi kwantai, sai ta kife kaskon a bayan madafa.

Da mijin ya dawo, tun a tasha aka tare shi da labari. Ya shigo ko babur bai gama kafewa ba ya fara faɗa. Ya ce ya gina masai da guminsa don kada a raina gidansa, ita kuma ta ja masa abin da har ya mutu ba zai wanke ba. Ya ce ko ubansa ba ta ji kunya ba, dattijon da gari ke girmamawa? Katanga ɗaya ce tsakaninsu da Gidaɗo, kuma ba abin da ya wuce kunnensa. Ya jira ya ji ta kare kanta. Abin da ya ji kawai shi ne ta ce a yi haƙuri. Wataƙila ɗan ya zargi gaskiya a ransa, don ya san tsohonsa ba ya shiga masai. Amma a saninsa tsohon can bayan gari yake zuwa, kuma ya fi masa sauƙi ya bar sanin nasa a haka.

Gidaɗo ya rasa inda zai sa kansa. Kango ya haramta gare shi, gonaki sun fi ƙarfin gwiwarsa, tsakar gida kuwa yanzu ta fi da faɗi. Sai ya yi dabara irin ta wanda kunya ta toshe wa basira: ya daina ci. In an kawo tuwo ya ɗan taɓa gefe ya rufe, fura ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Wanda bai ci ba, a ganinsa, ba shi da inda za shi. Cikin 'yan kwanaki ya zabge, yana tashi jiri na ɗibarsa, sallah ma sai a zaune.

Wata rana da hantsi Surayya ta kawo kunu, ta durƙusa a bakin zaure kamar kullum, amma ba ta janye ba. Ya jira takunta ya ɓace, bai ji taku ba. Can ta yi magana, tana kallon kwanon.

"Baba, ka sha. In wani abu ya same ka, wahalata ta zan banza."

Shekarun nan duka bai taɓa yi mata tambaya ba, sai yau.

"Ɗiyar nan, mi ya hana ki hwaɗi gaskiya?"

"Na san ba ka iyawa, Baba. Shi ya sa ban bari anka tambaye ka ba."

Ba da gori ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Da zaginsa ta yi, da ya samu abin riƙewa. Ta auna shi ne tun tuni, ta san iyakar ƙarfinsa, ta ɗauke masa kayan kamar yadda ake ɗauke wa yaro tulun da ya fi ƙarfinsa. Ya sha kunun tana durƙushe a wurin, karo na farko da wani mahaluki ya ga maƙogwaronsa na motsi tun rasuwar Goggo, hawaye na gangarowa cikin gemunsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, dattawa suka taru a ƙofar mai gari kamar yadda suka saba, jama'a ba su gama watsewa ba. Gidaɗo ya dogara sandarsa ya miƙe tsaye. Ya ce yana da magana, kuma yana so Lauwali ya matso ya ji da kyau.

"Abin da anka ce ɗiyar nan ta yi, ba ita ta ba. Ni na. Ni ka zuwa kangon nan tun bara, ita tana bi tana ruhewa. A kirayi sunana, a ba ni tsintsiya."

Gidaɗo ya runtse ido yana jiran dariya, ko salati, ko tofin Allah tsine. Ya riga ya shirya wa kowanne.

Mai gari ya dube shi, ya girgiza kai a hankali, ya ce shi dai bai taɓa ganin dattako irin wannan ba. Ya ce jama'a su duba su gani, mutumin da ko ruwa ba ya sha a gaban mutane, yau ya tashi zai shafa wa kansa ƙazanta don ya wanke matar ɗansa. Dattawa suka ɗauka da kabbara. Limamin gari ya ce wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa, amma ƙarya ko ta alheri ce ba a son ta a bakin tsoho, ya zauna ya huta. Gidaɗo ya ce wallahi gaskiya yake faɗa. Aka ce ya daina rantsuwa, an ji, Allah ya saka masa. Ya juya wajen Lauwali, Lauwali ya ce shi bakinsa ba zai iya ɗaukar sunan Baba Gidaɗo ya kai kango ba, ko mai gari ne ya sa shi. Jummai ma da labari ya kai mata cewa ta yi ita da idonta ta kama, kuma yarinyar da bakinta ta amsa, sai dai Allah ya ba kowace mace suruki irin wannan.

Haka ya dawo gida, mutane na tare shi a hanya suna ƙara masa gaisuwa. Bai taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. Ya shiga ɗaki ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Sannan ya ɗauki butarsa, a fili, bai sa ta cikin riga ba, ya fito tsakar gida da rana tsaka. Surayya na bakin murhu, ɗansa na gyaran babur a gindin rumbu. Ya ratsa su yana jan ƙafa, ya ja ƙofar langa-langar ta yi ƙararta. Da ya fito, Surayya ta shige ɗaki ta bar tukunya a wuta. Ɗan kuwa yana nan tsugune da sifana a hannu, ya kasa ɗaga kai, don shi kaɗai ne a garin ya gaskata maganar tsohon. Da yamma aka ji shi yana ba matarsa haƙuri ƙasa-ƙasa, amma bai fita ya faɗa wa kowa ba, kuma ba wanda zai ce ya fita ya tona ubansa.

Gidaɗo yana nan da ransa a Lafagu. Kangon an share shi, wani ya saya ya yi turken awaki. Rijiyar unguwa an ɗaga bakinta an yi mata murfi, kuma damina ta zo ta wuce ba a rufe yaro ko ɗaya saboda gudawa ba. Surayya ta koma suyar ƙuli-ƙuli, sai dai mijinta ke kai mata Illo, inda ba a san ta ba, don a Lafagu har yanzu akwai masu ce mata Ta-kango in ta ba da baya. Tsohon ya sake gwada faɗar gaskiya ga duk wanda ya zauna kusa da shi, har aka fara cewa tsufa ya soma taɓa shi, sai ya haƙura ya yi shiru. Ya daina zama a ƙofar mai gari.

In aka yi zancen surukin kirki a garin, sunansa ake fara kamawa. Uwaye mata kan yi wa 'ya'yansu fatan gidan miji mai tsoho irinsa. In abin ya faɗo a gabansa, sai ya jawo gefen rawani ya rufe fuskarsa, mutane su yi murmushi su ce ka ga kunyar Fulani.